Wa Ya Fara Ƙirga Littattafan Shekara?

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, akwai wani hoto da ke fara yawo a shafukan sada zumunta: bangayen littattafai jere reras, a samansu an rubuta adadi. Wannan ya karanta 24, waccan ta karanta 52, wani kuma ya haura 100 yana jiran a yi masa barka. Ni ma ban tsira daga wannan ɗabi'a ba, illa dai nawa lissafin yana cikin wani littafin rubutu mai bangon kwali, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa ƙagaggun labaran kimiyya ne da na almara, wato labaran kumbuna da baƙin halittu da masarautun matsafa. Da yawa daga cikin masu wannan lissafi suna zaton manhajojin waya ne suka koya musu shi. A wannan fanni na adabi kuwa al'adar ta kusa cika shekara ɗari, kuma tsoro ne ya sa na farkon suka fara ta: tsoron kada abin da suka karanta ya ɓace, a wayi gari babu mai iya shaidar cewa an taɓa rubuta shi.

Labarin ya faro ne a Amurka. A watan Afrilun 1926 wani ɗan asalin Luxembourg mazaunin New York, Hugo Gernsback, wanda ya riga ya yi suna wajen buga mujallun rediyo da kayan lantarki, ya fito da Amazing Stories, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga labaran kimiyya zalla. Senti 25 ake sayar da ita. Fitowar farko duk tsofaffin labarai ne aka sake bugawa, ciki har da na Jules Verne da H. G. Wells da Edgar Allan Poe. Abin lura a nan shi ne takardar. Irin waɗannan mujallu da takarda mafi arha ake buga su, wadda aka yi da niƙaƙƙen katako, mai kaushi, da ba ta daɗewa sai ta yi ja, bayan wasu shekaru kuma ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Mujalla takan yi wata guda a wurin mai sayar da jarida, ta gaba ta zo ta ture ta. Ɗakunan karatu ba sa ajiye su, domin a ganin ma'aikatansu wannan karatun yara ne da marasa aikin yi, kuma fihirisar mujallu da suke dogara da ita ba ta saka su a lissafi. Wanda labari ya wuce shi a watan da ya fito, to sai dai ya ji shi a bakin wani.

Gernsback ya yi wani abu da ya fi mujallar kanta tasiri. Daga farkon 1927 ya buɗe filin wasiƙun masu karatu, kuma yana buga kowace wasiƙa da cikakken adireshin mai ita. Yaron da ke zaune a wani ƙauyen Ohio yana ganin shi kaɗai ne mai wannan ciwo, sai ya tarar akwai irinsa a Chicago da Los Angeles, kuma ga adireshinsu. Suka fara rubuta wa juna. Wanda ya duba waɗannan wasiƙu zai ga yawancinsu hukunci ne: wannan labari shi ne na ɗaya a fitowar watan jiya, wancan na biyu, na ƙarshen kuwa da ba a ɓata tawada a kansa ba. A watan Mayun 1930 wata ƙungiyar masu musayar wasiƙu a Chicago ta fitar da The Comet, wadda ake ɗauka ita ce 'yar mujalla ta farko da masu karatun suka buga da kansu. Irinta suka yi ta fitowa daga injinan gurza takarda, kuma cikin abubuwan da suka fi cika su har da jerin sunayen labarai: wa ya rubuta me, a wace mujalla, a wane wata. A 1938 editan Astounding, John W. Campbell, ya mayar da hukuncin masu karatu wani fili na dindindin, yana tattara ƙuri'unsu ya fitar da makin kowane labari, daga baya ma har da ƙarin kuɗi ga marubucin da ya zo na ɗaya. Shekara guda bayan haka, a Yulin 1939, kimanin mutum 200 suka hallara a New York a babban taronsu na farko, wanda ake kira Worldcon har gobe.

Akwai dalili na biyu da ya sa lissafi ya zama dole, wato sunayen aro. Campbell da kansa ya buga wasu fitattun labaransa da sunan Don A. Stuart, wanda ya samo daga sunan matarsa. Robert Heinlein yakan fito a matsayin Anson MacDonald, ta yadda labarinsa biyu za su shiga fitowa ɗaya ba tare da mai saye ya ga kamar mutum guda ya cinye mujallar ba. Lewis Padgett ba mutum ba ne, miji da mata ne, Henry Kuttner da C. L. Moore, ita kuma Moore ɗin mace ce da ta ɓoye sunanta Catherine a bayan haruffa biyu. Mafi rikitarwa su ne sunayen da kamfanin ɗab'i ya mallaka, irin su Alexander Blade, da ake liƙa wa labarin duk wanda edita ya ga dama. Mai karatun da ke son bin sawun marubuci guda sai ya zama ɗan sandan ciki.

Daga nan ne aka samu wasu mutane da ni dai nake ganin ba a ba su haƙƙinsu ba a tarihin wannan adabi. A 1948 Everett Bleiler ya fitar da The Checklist of Fantastic Literature, jerin littattafai sama da 5,000 na almara da kimiyya da aka buga da Ingilishi. A 1952 Donald Day, mazaunin Portland a jihar Oregon, ya buga fihirisar mujallun fannin tun daga 1926 har 1950, labari bayan labari, ta sunan marubuci da ta sunan labari da ta fitowa, tare da warware sunayen aron da ya iya warwarewa. Ba jami'a ce ta ɗauki nauyinsa ba. Ƙananan katuna ne da haƙuri da wasiƙu zuwa ga marubuta.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Donald Tuck. A Hobart yake, a tsibirin Tasmaniya da ke kudancin Ostireliya, wurin da ya yi nisa da kasuwar mujallun New York kamar yadda wuri zai iya nisa a bayan ƙasa. Ma'aikacin wani kamfanin tace tutiya ne. Idan ya tashi daga aiki sai ya zauna da katunansa yana shigar da abin da jirgin ruwa ya kawo masa da abin da abokan wasiƙa suka sanar da shi. A 1954 ya gurza littafin jagora na farko da kuɗin aljihunsa. Aikin ya yi ta girma har ya zama kundin sani mai juzu'i uku, wanda ya fito tsakanin 1974 da farkon shekarun 1980, na ƙarshen ya samu lambar Hugo a 1984. A 1975, da aka kai babban taron Ostireliya karon farko, an sanya shi cikin manyan baƙi, amma bai halarta ba. Mutumin da ya san sunan kusan kowa a fannin ya zauna a gida tare da katunansa.

Har zuwa nan lissafin na ceto ne: a rubuta komai kafin takarda ta ruɓe. Ɗaukar shekara a matsayin ma'auni ya zo ne da wata matsala dabam, wato yawa. A 1930 mujallun fannin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma yaro mai 'yan kuɗin kashewa zai iya karanta duk abin da ya fito. Zuwa farkon shekarun 1950 sun kai gommai, ga kuma littattafai masu bangon takarda sun shigo kasuwa. Babu mai iya cinye wannan tuwo shi kaɗai. Sai aka koma neman wanda zai karanta a madadin jama'a ya zo da rahoto. A 1949 Bleiler ɗin nan da abokinsa T. E. Dikty suka fitar da kundin zaɓaɓɓun labaran shekara, na farko a jerin da ya riƙa fitowa duk shekara. A 1953, a taron Philadelphia, aka fara ba da lambar Hugo, wadda ta ci sunan Gernsback, kuma The Demolished Man na Alfred Bester ya zama littafin shekara. An tsallake 1954, daga 1955 kuwa ba a sake fashi ba. Tsarin Hugo shi ne lissafin karatun shekara na ɗaiɗaikun mutane da aka zuba a ƙwarya ɗaya: kowane ɗan taro ya rubuto abin da ya fi so cikin abin da ya karanta na bara, a tattara, a fitar da 'yan takara, a sake jefa ƙuri'a. Da marubutan suka kafa ƙungiyarsu a 1965 sai suka fito da tasu lambar, Nebula, wadda Dune na Frank Herbert ya fara ci.

Da zarar lissafi ya zama zaɓe, sai ya zama iko. Judith Merril ta gane haka da wuri. Kundinta na shekara-shekara ya fito daga 1956 zuwa 1968, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta riƙa shigo da marubutan da ba a san su a mujallun fannin ba, har da Jorge Luis Borges na Ajantina. Wasu masoya suka yi ta gunaguni cewa wannan ba labarin kimiyya ba ne. Ita kuwa abin da take yi ke nan da gangan: tana amfani da jerin shekara wajen matsar da shingen gonar. Mujallar Locus, wadda Charles Brown da abokansa suka kafa a 1968, ta ɗauki ɗaya ɓangaren, na ƙididdiga. Duk Fabrairu takan fito da adadin littattafan da aka buga a shekarar da ta gabata da jerin waɗanda take ba da shawarar a karanta.

Gardner Dozois ne ya kai wannan sana'a ƙololuwa. Daga 1984 har rasuwarsa a watan Mayun 2018 ya fitar da juzu'i 35 na The Year's Best Science Fiction. Kowane juzu'i yana buɗewa da dogon rahoto mai shafuka da dama: wace mujalla ta mutu, wacce aka haifa, kwafi nawa kowacce ke sayarwa, wane edita ya sauya gida, su wa suka riga mu gidan gaskiya. A ƙarshensa kuma akwai jerin ɗaruruwan labaran da suka burge shi amma wuri bai ishe su ba. Na san masu sayen littafin saboda waɗannan shafuka na gaba da na baya kawai. Ga matashin marubuci, ganin sunansa a wannan jeri na baya, layi ɗaya tak cikin ƙananan haruffa, shaida ce cewa wani ya karanta shi.

Wanda ke son ya ji yadda wannan lissafi yake a zuciyar mai karatu guda, ya nemi Among Others na Jo Walton, wanda ya fito a 2011 ya kuma haɗa Hugo da Nebula. An rubuta shi a sigar littafin ajiye sirri na wata yarinya 'yar Wales mai shekara 15, a 1979 da 1980, wadda ta rasa 'yar'uwarta tagwai, ta samu rauni a ƙafa, aka kai ta makarantar kwana inda ba ta da kowa. Akwai aljanu da tsafi a labarin, amma abin da ya cika shafukan shi ne sunayen littattafan da take arowa daga ɗakin karatu da ra'ayinta a kan kowanne. Jerin karatun ne ya riƙe ta, shi ne kuma ya haɗa ta da mutanen da ta iya magana da su.

Zuwan intanet bai kashe zuriyar Day da Tuck ba. A 1995 Al von Ruff ya fara rumbun bayanan da ake kira ISFDB, wanda 'yan sa-kai ke cikawa har yau, bugu bayan bugu, sunan aro bayan sunan aro. Abin da ya sauya shi ne lissafin mutum na ƙashin kansa. LibraryThing ya zo a 2005, Goodreads a farkon 2007, kuma a 2011 Goodreads ya ƙaddamar da gasar karatun shekara, inda mutum ke ɗaukar alkawarin adadi a Janairu, manhaja ta riƙa tuna masa ko yana gaba ko an bar shi a baya. A watan Maris na 2013 Amazon ya saye Goodreads. Ma'ana, littafin lissafin miliyoyin masu karatu ya koma hannun babban mai sayar da littattafai na duniya. Amazon ɗin ya riga ya sayi wani dandali makamancinsa, Shelfari, a 2008, ya kuma rufe shi a 2016. StoryGraph da Nadia Odunayo ta kafa a Landan a 2019 ya samu karɓuwa ne a wurin waɗanda wannan lamari ya dama.

Ba na raina gasar. Na ga mutanen da ta mayar da su ga karatu bayan shekaru. Amma duk ma'auni yana da abin da ba ya gani. Adadi ba ya bambanta littafi mai shafi 900 da mai shafi 90, shi ya sa Disamba ta zama watan gajerun littattafai. Sai a 2017 Goodreads ya ba da damar shigar da littafin da aka maimaita, alhali masu karatun almara sun yi fice wajen komawa ga abin da suka sani. Gajeren labarin mujalla kuwa, wanda shi ne tubalin da aka gina fannin da shi kuma dominsa aka fara lissafin tun asali, shi ya fi wahalar samun gurbi a wannan tsari.

A daidai wannan lokaci wasu suka juya ƙirgar ta zama hujja. A 2016 mujallar Fireside ta fitar da rahoton da ya ƙirga labaran da mujallun fannin suka buga a 2015, aka tarar cikin 2,039 guda 38 ne kacal na baƙaƙen fata. Babu wanda zai iya musun wannan da cewa shi bai lura ba. A shekarar da ta biyo baya mujallar FIYAH ta fara fitowa domin waɗannan marubuta. A nahiyarmu ma hanyar da aka bi ke nan. Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu sun kafa Omenana a Nijeriya a 2014. A 2016 marubutan Afirka na wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu, suka fara tattara jerin abin da 'yan nahiyar suka buga, a 2017 kuma suka ba da lambar Nommo karon farko, inda Rosewater na Tade Thompson ya zama littafin shekara. A 2021 Oghenechovwe Donald Ekpeki ya fitar da kundin zaɓaɓɓun labaran shekara na Afirka, shekara 72 bayan na Bleiler da Dikty, kuma kundin ya ci lambar World Fantasy a 2022.

Duk wannan da Ingilishi ne. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da ya yi tafiya sararin samaniya. Masu tsara jerin shekara a New York ba su da wata kafa da labarinsa zai kai musu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne halin da muke ciki a gida, domin ya yi kama da na Amurka a 1930 fiye da yadda muke zato. Littattafan kasuwar Kano da suka ɓarke daga ƙarshen shekarun 1980 su ma a takarda mai arha aka buga su, kashi-kashi, sau da yawa babu shekarar bugu a jiki, ana ba da hayarsu har su yayyage. A cikinsu akwai almara tsagwaronta, littattafan yaƙi da aljanu da matsafa irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari suka yi ta rububinsu. Babban jerin da aka yi wa wannan adabi shi ne wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara, mai ɗauke da ɗaruruwan littattafai daga 1987 zuwa 2002, kuma a Jamus aka buga shi a 2004. Bayan nan rubutun ya ƙaura zuwa Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda labari kan ɓace tare da wayar da aka sace. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da ayyukansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Mai sayen littafi ɗaya a can a yau zai sha wuya kafin ya nuna wa wani cewa littafin ya taɓa wanzuwa, sai fa idan ya rubuta sunansa a wani wuri.

Rubuta abin da mutum ya karanta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Saboda wannan ɗan littafi ne masana tarihi suka san abin da ake karantawa a tsangayun Gobir da Zamfara kafin jihadi. Shi bai damu da adadi ba. Abin da ya kiyaye shi ne hanyar da kowane littafi ya bi ya iso gare shi, daga hannun wa.

Bara na ƙara wa littafina mai bangon kwali layi biyu. Da can suna da marubuci da kwanan wata kawai nake rubutawa. Yanzu akwai inda aka buga, ko da zauren WhatsApp ne, da kuma wanda ya ba ni ko ya nuna mini. Gajerun labarai ma sun samu shafukansu a baya. A cikin na bana akwai wani labarin aljanu mai kashi bakwai da wata ƙanwata ta turo mini, wanda marubuciyarsa ta sa sunan aro, kuma da na koma neman kashi na takwas sai na tarar an rufe zauren.